Tudu, Kwari da Fadama a Kan Taswira

Muna jan hankalin dagatai, masu unguwanni da jami'an filaye na ƙananan hukumomi kan waɗannan kalmomi kafin a yanka wa kowa fuloti. Tudu ƙasa ce mai bisa wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Kwari kuwa nan ruwan yake gangarawa. Fadama ita ce inda kogi ke malala da damina, kamar bakin Kogin Haɗeja a Ringim da Auyo, inda ambaliyar 2022 ta ci gidaje da gonaki. Wurin shinkafa ne da noman rani, bai dace da gini ba.

A taswira, layuka masu ruwan ƙasa suna haɗa wurare masu tsayi ɗaya. Inda suka matsu, gangaren ya yi tsanani. Shuɗin layi mai tsinke-tsinke rafi ne da ke ƙafewa da rani, amma yakan dawo hanyarsa a watan Agusta.