Kafin Ki Miƙa Hannunki Ga Mai Zane

'Yan'uwana mata, musamman 'yammatan Dutse, daga Garu zuwa Takur, Fagoji da Yalwawa, har ku na Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu. Yau hirar tamu a kan zanen jiki ce. A da idan biki ko salla ta matso, yarinya kan zauna gaban mai ƙunshi ta ce a yi mata fulawa ko zanen salatif, shi ke nan. Yanzu kuwa waya ake miƙawa a ce, "Anti, irin wannan nake so." To a cikin hotunan da waya ke kawowa akwai na tatu, wato zanen allura irin na Turawa, kuma a cikinsu akwai jerin da suke kira zanen shaiɗan. Wani ma har kyau zai ba ki, ɗan ƙarami abin sha'awa. Sai dai kowane zane akwai maganar da yake yi, ko mai shi ta sani ko ba ta sani ba.

Daga ina suka fito?

Wanda ya fi yawo shi ne jan mutum mai ƙaho biyu, da wutsiya mai tsini, riƙe da mashi mai baki uku. Ke ma kin san shi, domin yana nan a ƙirjin rigar ƙwallon yayanki in ɗan Manchester United ne. Tun shekarun 1970 yake cikin tambarin ƙungiyar. Asalin wannan siffa masu zanen coci ne na Turai suka harhaɗa ta ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Masana da yawa na ganin ƙahon da kofaton an aro su ne daga wani abin bautar Girkawa mai suna Pan, wanda rabinsa mutum rabinsa bunsuru. Akwai kuma ɗan jaririn shaiɗan mai kumatu, wanda ya fito a littafin barkwancin yara na Amurka mai suna Hot Stuff a 1957, daga baya masu tatu suka ɗauke shi.

Na biyu shi ne kan bunsuru a cikin tauraro mai tsini biyar da aka kifar. Wannan kam ba na wasa ba ne. Shi ne tambarin Cocin Shaiɗan da wani Anton LaVey ya kafa a birnin San Faransisko a 1966. Haka lambar 666, wadda a littafin Kirista alama ce ta mugun dabban ƙarshen zamani. Su kansu Kiristoci gudunta suke yi.

Na uku daga Japan yake, fuskar mace mai ƙaho da fiƙoƙi, ana ce mata Hannya. A wasan kwaikwayonsu na gargajiya, mace ce da kishi ya ci ta har ta rikiɗe ta koma aljana. Ki duba fa! Budurwa ta ɗora wannan a damtsenta tana taƙama, alhali allo ta rataya wa kanta mai cewa, "Ni ce wadda kishi ya haukata." In da saurayin ya san fassarar, da ya sa takalminsa tun kafin a kawo masa ruwa.

Mu a wajenmu, Iblis yana ganinmu ta inda ba ma ganinsa, don haka duk waɗannan siffofi ƙirƙirar mutane ce. Amma tambayar ita ce, wace 'yar Musulmi ce za ta yi a'uziyya da bakinta, hannunta kuma na ɗauke da hoton da aka yi da sunan wanda take neman tsari da shi?

Iyayenmu ma sun yi zane

Kada wata ta ce ai ƙauyanci ne ya hana mu. Kakanninmu sun san zanen da ba ya fita tun kafin wani Ba'amurke, Samuel O'Reilly, ya yi rajistar injin tatu na lantarki a 1891. Wanzami ne ke yi da aska, a shafa baƙin tukunya a kai. Akwai tsagar gado mai nuna asalin mutum, akwai ta kwalliya irin su kalangu da 'yar baka. Je ki kasuwar Shuwarin ranar da take ci, ki kalli fuskokin tsofaffin mata masu tallar nono, za ki ga abin da nake faɗi. Kowace ta san sunan zanenta da dalilinsa.

Duk da haka an bar abin. Ilimin addini ya yawaita, mata suka ji hadisin da ke cikin Buhari da Muslim wanda ya la'anci mai yin zanen allura da wadda ta nemi a yi mata. Sannan dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga ko tatu. To in an bar kalangun kaka da ya zo da asali, ina dalilin ɗauko ƙahon wasu?

"Ai na dayis ne, zai goge"

Nan ne gizo ke saƙar. Jan lalle ganye ne, a saman fata yake kama launi, cikin mako biyu zuwa uku ya kau yayin da fatar ke sabuntawa. Tatu kuwa allura ce ke kai tawada can ƙarƙashin fatar sama, inda ba sabulu ba dutsen goge ƙafa da zai kai. Cire shi yawanci sai da na'urar leza, zuwa bayan zuwa, ga tsada ga zafi, kuma a baƙar fata irin tamu yakan bar wurin ya yi fari ko ya ƙara duhu. In kuma allurar an yi wa wani da ita, ana iya kwasar ciwon hanta ko ƙanjamau.

Dayis yana tsakiya, shi ya sa yake yaudara. Abin da muke kira baƙin lalle yawanci rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi kai tsaye a fata ba. Wata za ta yi sau goma lafiya lau. Wata kuwa bayan kwana kaɗan, ko ma mako biyu, sai ƙaiƙayi, sai kumburi, sai ƙuraje masu ruwa. Abin tashin hankalin shi ne, ƙunar tana bin layin zanen ne sak. In fulawa aka zana, tabon fulawa zai fito. In ƙaho da wutsiya aka zana, su za su zauna, wata da watanni, wani lokaci har shekaru. Kuma jikin da ya taɓa ƙin PPD yakan ci gaba da ƙinsa har abada, ko rinin gashi ta shafa sai ya tashi.

Yanzu ki ƙaddara an sa ranarki. Ranar sa lalle gwaggwanni sun kewaye ki, ƙannen ango na leƙe, aka janye mayafi za a fara, sai ga tabon kan bunsuru a damtsenki. Me za ki ce wa uwar miji? Kin san garinmu, kafin la'asar labari ya kai Limawa, kuma da ya isa can an ƙara masa gishiri, an ce ai yarinyar 'yar ƙungiyar asiri ce. Wasan kwana ɗaya ya jawo miki abin faɗi na shekaru. Hausawa suka ce rigakafi ya fi magani.

To me za a zana?

Kwalliya halal ce, kuma zane bai ƙare ba. Ga fulawa da ganye irin na Sudan, ga cikon tafin hannu irin na Indiya, ga dagin Arewa, ga zanen salatif mai kusurwoyi da ke fito da ƙafa kamar an saƙa mata safa. 'Yar Dutse ma tana iya cewa a zana mata reshen dabino, abin da garinta ya yi suna da shi, ta ga in wata za ta fi ta.

Abu uku kawai nake roƙonki. Duk hoton da ba ki san ma'anarsa ba, ki tambaya kafin ya hau jikinki. Ki tambayi mai ƙunshi me ta kwaɓa, in kin ji dayis da haidurojin, ki ce a ba ki jan lalle. In kuma kin riga kin yi, kika ji zafi ko ƙaiƙayi, ki wanke nan take ki nufi asibiti, kada ki tsaya shafa man zafi. Na uku, duk abin da aka ce sai da allura ko reza, ki tashi ki kama hanyar gida, ko da ƙawar da kika fi so ce ta raka ki.

Ku kuma masu ƙunshi, amana ce a hannunku. In yarinya ta kawo irin wannan hoto, ku gaya mata gaskiya, ko da za ta tafi da kuɗinta.

Allah Ya tsare mana fatarmu da mutuncinmu, Ya ba 'yammata mazaje nagari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.