Rage Kuɗin Kiwon Lafiya: Ina Muryar Zangon Salaga, Yendi Da Bawku?

A farkon shekarar 2023 wata ɗaliba 'yar aji shida a makarantar da muke koyarwa a nan Salaga ta yi fashin makaranta har sau uku cikin wata guda, kuma kowane fashi ranar awon jarirai yake faɗawa. Da muka tsare ta da tambaya sai ta ce, "Malam, ni nake goya ƙanena in raka innarmu wurin allura, amma duk zuwan da muka yi sai a ce allurar ba ta iso ba, mu dawo wani mako." Da fari mun ɗauka dabarar guje wa darasin lissafi ce. Ashe gaskiya yarinyar take faɗi. A watannin nan allurar rigakafin ƙyanda da ta tarin fuka da maganin shan inna sun yanke a wurare da yawa na ƙasar Gana, har ƙyanda ta ɓulla a nan arewa. Sai da ƙungiyar likitocin yara ta ɗaga murya, Majalisar Dokoki kuma ta kira ministan lafiya ya zo ya yi bayani, sa'an nan alluran suka fara isowa cikin watan Maris.

Abin da ya dame mu game da wannan al'amari shi ne, duk tsawon makonnin nan ba mu ji wani daga cikin zangonmu ya tashi ya tambayi dalili ba. Mata sun yi ta zuwa suna komowa, maza kuwa ana ta cewa a yi haƙuri. Haƙuri dai abu ne mai kyau, amma ba ya hana ƙyanda kama yaro.

Daga ina ragin yake tasowa?

Ba a taɓa buga ganga a kasuwa a ce yau an rage kuɗin asibiti ba. A Ankara, babban birninmu, ake yanke shawarar, wani lokaci ma a ƙetaren teku, mu kuwa sai dai mu ga alama. Yau babu maganin zazzaɓi, gobe nas ɗin da aka yi wa canjin wurin aiki ba a kawo madadinta ba, jibi babur ɗin zagaya ƙauyuka yana jingine don babu mai. Kuma mu da ke ƙarshen hanya mu ne abin ya fi yi wa ciwo. Daga Salaga zuwa babban asibitin koyarwa na Tamale kimanin kilomita 120 ne, daga Yendi kusan 100, daga Bawku zuwa Bolgatanga kuwa wajen 80. Mai naƙudar da abin ya gagara a gida, wannan tafiyar ce ke gabanta.

Dattawanmu sun san wannan labari ba sabo ba ne. Bayan samun mulkin kai a 1957, zamanin Kwame Nkrumah, kusan kyauta ake duba marar lafiya a asibitin gwamnati. Aka fara sa kuɗi da dokokin 1969 da 1971. Da tattalin arziki ya durƙushe, gwamnatin Rawlings ta shiga shirin gyara tare da Bankin Duniya da Asusun Ba Da Lamuni a 1983, sai a 1985 aka ɗaga kuɗin asibiti ƙwarai, mutane da yawa suka daina zuwa. A 1992 kuma aka shigo da tsarin nan da kowa ke kira kash an kari, watau biya kafin magani. Mu da muke yara a lokacin muna tune da yadda ake kai akuya ko buhun masara kasuwa tukuna kafin a kai marar lafiya gaban likita.

Kukan jama'a ne ya sa wannan tsari ya zama babbar maganar siyasa a zaɓen shekarar 2000, har gwamnatin John Kufuor ta kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa, watau NHIS, a 2003, aka kuma ƙara da haihuwa kyauta ga masu juna biyu a 2008. Mafi yawan kuɗin asusun nan daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari yake fitowa, wanda ake ɗorawa a kan kayan da muke saye da ayyukan da ake yi mana. Ke nan mai sayen siminti a Yendi da mai sa kuɗin waya a Bawku duk suna zubawa a ciki. Ba sadaka ake yi mana ba, kuɗinmu ne.

To, amma a 2017 aka yi wata doka da ta sa wa irin waɗannan asusu iyaka, ta yadda ba dukan abin da aka tara da sunan lafiya yake isa hannun hukumar inshora ba. Tun kafin wannan doka ma hukumar kan yi watanni ba ta biya asibitoci bashinsu ba. A 2013 da 2014 ƙungiyar asibitocin Kirista ta ƙasa, CHAG, ta dakatar da karɓar katin inshora na ɗan lokaci saboda bashi. Ga mutumin Ankara wannan labarin rediyo ne kawai, don yana da asibitoci barkatai. Ga mutumin Bawku kuwa, inda babban asibitin gari na Cocin Presbyterian ne, wanda tun shekarun 1950 yake duba Musulmi da Kirista, har da masu tsallakowa daga Barkina Faso da Togo, irin wannan mataki magana ce ta rai da mutuwa.

Na baya-bayan nan shi ne na watan Janairun 2025, lokacin da Shugaba Donald Trump na Amurka ya dakatar da taimakon ƙasashen waje, daga bisani aka rufe hukumar USAID baki ɗaya. Gwamnatinmu ta ce giɓin da wannan ya bari ya kai dala miliyan 156, kuma wajen miliyan 78 daga ciki na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ne, da lafiyar mata da yara, da cutar ƙanjamau. Cikin abubuwan da suka fara tsayawa har da jigilar magunguna daga ma'ajiya zuwa ƙananan asibitoci a jihohin Arewa, Arewa Maso Gabas da Savannah. Yendi da Salaga duk suna cikin wannan yanki.

Rikici ma ragi ne

Akwai wani ragin da ba ya fitowa a takardar kasafin kuɗi. Yaƙin 1994 da ya shafi Bimbilla da Yendi da Salaga ya kori ma'aikatan lafiya da malaman makaranta daga ƙauyuka, ya kuma mai da aikin kawar da kurkunu baya. Haka nan da rikicin sarautar Bawku ya sake tashi a ƙarshen 2021, aka sa dokar hana fita da dare, aka hana maza hawa babur, ma'aikata da dama suka nemi a ɗauke su daga garin. Ba mu da ta cewa a kan sarautar masu ƙasa, kuma ba wannan ya kawo mu ba. Abin da muka sani shi ne, gini ba ya yin allura. In nas ta gudu, ɗakin magani ya zama kango ko da an shafa masa sabon fenti. Saboda haka duk mai neman a kare asibiti dole ya zama mai neman zaman lafiya.

Inda magana ta yi amfani

Wasu za su ce talaka ba shi da murya. Tarihin ƙasar nan bai goyi bayan wannan magana ba. A watan Mayun 1995 zanga-zangar Kume Preko ta sa gwamnati ta janye harajin VAT, ba a dawo da shi ba sai 1998, kuma a kan kaso mai sauƙi. Alawus ɗin ɗaliban kwalejojin horon malamai da na nas-nas da aka soke, ɗaliban ba su yi shiru ba har aka maido da shi a 2017. Mu da muka fito daga irin waɗannan kwalejoji mun san abin da wannan ɗan kuɗi yake nufi ga ɗan talaka, kuma makarantun horon ma'aikatan lafiya na Kpembe da Yendi da Bawku su ne ke ba mu waɗanda suka san harshenmu, suke kuma iya zama da mu.

Har ila yau, a 2023 kwantenonin magungunan ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓi da gidajen sauro, waɗanda asusun Global Fund ya ba ƙasar nan kyauta, sun maƙale a tashar jiragen ruwa ta Tema watanni da yawa saboda kuɗin fito. Ƙungiyoyin jama'a suka yi ta rubuta takardu, suna kiran 'yan jarida, suna barazanar fita zanga-zanga, har aka sake su a cikin 2024. A 2025 kuma Majalisa ta cire wa harajin inshorar lafiya iyakar nan da aka sa masa, bayan shekaru ana ƙorafi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na kurkunu. A 1989 an ƙidaya kusan mutum 180,000 masu ɗauke da shi a Gana. Masu aikin sa kai na ƙauyuka ne suka riƙa bi gida gida, suna raba matatar ruwa, suna rubuta sunan duk wanda ya kamu a littafi. Mutum na ƙarshe an same shi a Diare cikin watan Mayun 2010, Hukumar Lafiya Ta Duniya kuma ta tabbatar da an rabu da cutar a 2015. Littafi da alƙalami a hannun mutumin ƙauye sun yi aikin da ba ƙarami ba.

Me ya sa muke shiru?

Mu faɗi gaskiya, akwai tsoro a zukatanmu. Tun da gwamnatin Busia ta ba da umarnin korar baƙi a watan Nuwamban 1969, aka ba mutane mako biyu su tattara nasu ya nasu, iyayenmu suka koyi cewa ɗan zango ya sunkuyar da kai ya nemi abincinsa. An ce baƙo raɓa ne. To, amma kakanninmu fataken goro sun sauka Salaga da Yendi tun kafin Turawa su shata iyakar ƙasar nan, Alhaji Umaru na Kete Krachi ma a Salaga ya zauna yana karantarwa kafin yaƙin 1892 ya watsa garin. Wanda kaburburan kakanninsa suke nan, yake biyan haraji, yake jefa ƙuri'a, ai ya wuce a kira shi raɓa. Ya kamata kuma mu tuna, ma'aikatar kula da zanguna da aka kafa a 2017 ba ta wuce shekara huɗu ba aka soke ta. Abin da ba ka tsare ba, ba ya daɗewa a hannunka.

Abin da za mu iya yi

Bayan abin da ya faru da ɗalibar nan, mu malamai huɗu muka je gaida magajiyar unguwarmu, muka kai mata maganar. Ta saurare mu tsaf, sa'an nan ta ce, "Malam, mu mata mun san duk ranar da aka koro mu, ku kuma kun iya rubutu. Ku kawo littafi." Tun daga ranar muke da littafi guda, ana rubuta kwanan wata da abin da aka je nema ba a samu ba, ba tare da sunan marar lafiya ba. Da muka kai wa ɗan majalisar ƙaramar hukuma na unguwarmu shafuka uku, sai muka ga fuskarsa ta canza, don a da surutu yake ji, yanzu kuwa ga kwanan wata a gabansa. Ba mu ce komai ya gyaru ba, amma an fara amsa mana. Daga wannan ɗan gwaji muke ba da shawarwari kamar haka.

Na farko, kowane zango ya buɗe irin wannan littafi, a hannun magajiya ko wani malami amintacce. In an karɓi kuɗi a hannun mai kati a kan abin da inshora ta ɗauka, a nemi rasit, a ajiye.

Na biyu, mu shiga kwamitocin lafiya na unguwa. Tsarin CHPS, wanda aka fara gwada shi a Navrongo a 1994, ya zama manufar ƙasa a 1999, an gina shi ne a kan cewa jama'a su ke da ɗakin maganinsu, su ke zama da nas su tsara aiki. Kujerar da muka bari wani ne zai hau.

Na uku, mu riƙa zuwa zaman sauraron kasafin kuɗi na ƙaramar hukuma. Dokar 'yancin samun bayani ta 2019 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta takarda ya tambayi ofishin gwamnati, a kuma ba shi amsa cikin kwana 14. Sarkin Zango da liman su sa hannu, matasa masu ilmi su rubuta.

Na huɗu, kowa ya sabunta katinsa da na iyalinsa. Tun 2018 ana iya yi ta waya da lambar *929#. Mai katin da ya mutu ba shi da bakin ƙorafi.

Na biyar, kada mu mai da nas-nas abokan gaba. Wadda ta ce maka babu magani ba ita ta yanke kuɗin ba, sau da yawa ma ta fi ka jin zafin abin. Mu kare ta, mu nema mata masauki, mu ji ta bakinta.

Na ƙarshe, kada mu yi wannan aiki mu kaɗai, kuma kada mu sa masa rigar jam'iyya. Ƙyanda ba ta tambayar ko yaro Bahaushe ne, ko Bagonje, ko Badagombe, ko Bakusase. Takardar da ta fito daga zango tare da sa hannun maƙwabta ta fi wadda ta fito daga zango kaɗai nauyi, wadda kuma ta fito daga Salaga da Yendi da Bawku a rana ɗaya ta fi su duka. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ɗalibar nan tamu yanzu tana gaba da firamare, ƙanenta kuma ya samu allurarsa, ko da yake a makare. Akwai waɗanda ba su yi wannan sa'a ba. Muna roƙon masu karatu na Yendi da Bawku su rubuto wa wannan shafi abin da suke gani a garuruwansu, da kwanan wata, domin mu haɗa littattafanmu wuri guda kafin kasafin kuɗi na gaba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.