Barbarar Zamani: Kafin a Zaɓi Bijimi, a Fara Duban Ƙugun Karsana

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwon dabbobi a shekarar 2024, maganar inganta irin shanu ta dawo bakin jama'a. Ana ta jin sanarwar shirye-shiryen barbarar zamani, wato ɗura wa saniya maniyyin zaɓaɓɓen bijimi ba tare da ya hau ta ba. A kasuwannin kara da wajen masu kiwon turke kuwa, magana ta rabu biyu. Wasu na cewa wannan allura kashe shanu take yi, domin sun ji labarin karsanar da aka yi wa, ta kwana tana naƙuda, aka wayi gari babu uwa babu ɗa. Wasu kuma, galibi sababbin shiga kiwo daga birni, waya ce a hannunsu suna nuna hoton wani jibgegen bijimin Turai, cinyoyi kamar za su tsage, suna cewa irinsa suke so ko nawa ne kuɗinsa.

Abin da ya dame ni shi ne, mai tsoron da mai ɗokin duk abu ɗaya suka manta, wato saniyar da za ta ɗauki cikin. Ɗan siririn bututun da ake ajiye maniyyi a ciki, wanda bai wuce kwata ko rabin mililita ba, ba ya kashe saniya. Ana adana shi ne a cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a narkar da shi a ruwan ɗumi, a saka a mahaifa, cikin ya shiga kamar kowane ciki. Matsalar tana bayyana ne bayan wata tara da 'yan kwanaki, ranar da maraƙin da ya fi ƙarfin uwarsa ya zo fita.

Mu ɗauki lissafin a fili. Saniyarmu Bunaji, farar nan ta Fulani, idan ta cika girma a hannun makiyayi nauyinta yakan kama tsakanin kilo 250 da 350, maraƙinta kuma yakan faɗo da kilo ashirin da wani abu. Bokolo ta ƙasar Sakkwato ta ɗan ɗara ta jiki. Shanun Charolais na Faransa kuwa, macen kan haura kilo 700, kuma maraƙin da ya kai kilo 45 ranar haihuwa ba abin mamaki ba ne a wurinsu. Simmental, wadda asalinta Suwizalan ne, ba ta yi nisa da haka ba. Rabin halittar maraƙi daga uba take, kuma girman ƙashi da faɗin kafaɗa da kai suna cikin abin da ake gado. Idan aka haɗa irin wannan uba da karsanar da ba ta gama girma ba, an yi abin da kafinta ke yi in ya ƙera wa amarya gado bai je ya auna ƙofar ɗaki ba. Gadon ya yi kyau, katako mai kauri, kowa na yabo, amma ranar jere sai ya tsaya a bakin ƙofa. Daga nan ko a fasa bango ko a karya gado. Bambancin kawai shi ne, a nan bangon rai ne da shi, gadon ma haka.

Ƙofar ita ce ƙashin ƙugun saniya. Likitocin dabbobi sun daɗe da tabbatar da cewa babban dalilin wahalar haihuwa a karsana shi ne rashin daidaito tsakanin girman ɗa da faɗin wannan ƙashi. Saniyar da ta yi haihuwa uku ko huɗu ƙugunta ya buɗe, jikinta ya gama kafuwa, tana iya ɗaukar abin da karsana ba za ta iya ba. Shi ya sa a ƙasashen da suka yi nisa a wannan harka, bijimin karsana daban, na manyan shanu daban, ko da a garke ɗaya suke. Mu kuwa sau da yawa mai ɗurin yakan zo da iri ɗaya a tukunyarsa, ya bi layi ya yi wa duk wadda aka kamo masa.

Gaskiya ne shanu masu tozo suna da wata baiwa. Binciken da aka yi a Amurka a kan shanun Brahman ya nuna cewa mahaifarsu takan taƙaita girman ɗa tun yana ciki, ta yadda ba ya kai nauyin da zai kai a cikin saniyar Turai. Wannan ne ya sa haɗin da yawa ke wucewa lafiya, har mutane su saki jiki. Sai dai baiwar tana da iyaka, kuma ba ta ƙara wa karsana faɗin ƙugu.

Yanzu ga inda na fi son mu tsaya, domin nan ne kuskuren da ya fi yaɗuwa yake. Mutane da yawa sun ɗauka cewa maraƙin da aka haifa ƙarami, ƙarami zai tabbata, wanda aka haifa ƙato kuma shi ne mai kuɗi. Lallai akwai dangantaka tsakanin nauyin haihuwa da girman da dabba za ta yi daga baya, ba a musun wannan. Amma dangantakar ba ta zama doka ba. Akwai bijiman da 'ya'yansu ke zuwa da matsakaicin jiki, su fita salin-alin, sannan su riƙa girma da sauri har su kamo waɗanda suka riga su nauyi kafin yaye. Irin waɗannan ne masu kiwon shanun nama na duniya suke nema ruwa a jallo, suna kuma biyan kuɗi mai tsoka a kan maniyyinsu. Mahauci a kasuwar Potiskum ko Maigatari ba ya tambayar kilo nawa sa ya yi ranar da aka haife shi. Yana dafa gadon baya, ya matsa gindin wutsiya, ya dubi cinya, ya yi tayi.

Ga kuma abin da ba a faɗi game da ƙaton maraƙin da aka ciro da ƙyar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan irin wannan haihuwa ya san kamanninsa: kai ya kumbura, harshe ya leƙo waje ya yi shuɗi-shuɗi, yana kwance a jiƙe yana numfashi sama-sama, ba ya yunƙurin tashi. Maraƙi mai lafiya cikin awa ɗaya ko biyu ya miƙe yana laluben hantsa. Wannan kuwa sai a yini bai sha dakashi ba, alhali a cikin awanni shida na farko ne hanjinsa ya fi iya ɗaukar garkuwar jikin da ke cikin dakashin, bayan kwana ɗaya kuma ƙofar ta kusa rufewa. Daga nan sai zawo, sai ciwon cibiya, sai tsumburewa. Uwar ma ba ta tsira ba. Wata mabiyiya ta ƙi faɗowa, wata mahaifa ta biyo ɗa waje, wata jijiyar ƙafarta ta danne ta kasa tashi sai wuƙa. Wadda ta tsallake duk wannan takan daɗe ba ta sake neman barbara ba. Dama shanunmu a hannun makiyayi sukan kai kusan shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa, to ina ga an ƙara musu wannan jinkiri?

Bijimin hoton nan da ke yawo a wayoyi sau da yawa Belgian Blue ne, na ƙasar Beljiyam. Wani sauyi ne a ƙwayar halittar da ke taka wa tsoka birki ya sa namansa ya ninku, masana kimiyya sun gano shi a shekarar 1997. A ƙasarsu, yawancin tsantsar wannan iri ta hanyar tiyata ake haihuwarsu, likita yana kusa, an shirya masa tun kafin ranar. Idan suka haɗa shi da wani iri, manyan shanun madara masu faɗin ƙugu suke zaɓa. Mai ruga a dajin da likita mafi kusa ke da tafiyar rabin yini ya kamata ya san wannan kafin hoto ya ruɗe shi.

To yaya ake gane bijimin da ya dace? Kamfanonin da ke sayar da maniyyi a Amurka da Birtaniya da Ostareliya da Barazil suna fitar da kowane bijimi da jadawalin alƙaluma, waɗanda aka tattara daga 'ya'yansa da danginsa. A Amurka ana kiran su EPD, a Birtaniya da Ostareliya EBV. A ciki akwai lambar sauƙin haihuwa, da ta nauyin haihuwa, da ta nauyin yaye. A tsarin Amurka, idan wani bijimi yana da maki 12 a sauƙin haihuwa wani kuma yana da 4, ana sa ran a cikin karsana ɗari, na farkon zai fi na biyun samun haihuwa takwas da ba a sa hannu ba. Kusa da kowace lamba akwai wata ƙarama da ke nuna ƙarfin hujjar, daga sifili zuwa ɗaya. Bijimin da ya haifi dubbai lambarsa kan kusanci ɗaya, ɗan saurayin da ba a ga 'ya'yansa ba kuma hasashe ne kawai a kansa. A karsana, tsohon da aka gwada shi ne abin riƙo.

Amma a kula, waɗannan lambobi gwaji ne tsakanin bijimai na iri ɗaya, a kan shanun ƙasarsu. Charolais da aka rubuta wa sauƙin haihuwa, a cikin 'yan uwansa Charolais ne yake da sauƙi, kuma a jikin saniyar da ta ninka tamu nauyi. Ba wanda ya gwada shi a kan karsanar Bunaji da ta sha rani.

Kada kuma a faɗa ɗaya ramin. Wanda ya nace wa bijimai masu ƙananan 'ya'ya zuriya bayan zuriya, yana kuma ajiye matan don su zama iyaye, wata rana zai tarar da garken ƙananan shanu masu matsattsen ƙugu, matsalar da ya gudu ta dawo ta bayan gida. Shi ya sa jadawalin ke da wata lamba daban da ke nuna yadda 'ya'yan bijimin mata ke haihuwa idan lokacinsu ya yi. Mai sayar da duk maruƙansa ba ruwansa da ita sosai. Mai son gina garke kuwa dole ya dube ta.

Ingancin maraƙi ma a ƙasarmu bai tsaya a nama ba, sai ya jure zafin bazara da kaska da tsando da tafiya. Akwai darasi a maƙwabta. A shekarun 1950, a tashar bincike ta Wakwa kusa da Ngaundere a Kamaru, an kawo bijiman Brahman daga Amurka aka haɗa da Gudali. 'Ya'yan sun fi girma da sauri, amma cutar kirci ta addabe su fiye da shanun gida, duk da cewa Brahman ma mai tozo ne, ɗan ƙasar zafi. Idan haka ta faru da shi, sai a yi tunanin baƙin Angus mai gashi, wanda asalinsa sanyin Sukotilan ne, ko da yake shi an san shi da sauƙin haihuwa. Wanda ke da inuwa da ruwa da dusa da harawa da ƙuliƙulin auduga zai iya cin ribar rabin jinin Turai. Wanda shanunsa ke bin daji kuwa, zaɓaɓɓen bijimin Bokolo ko Gudalin Adamawa ko Azawak, irin wanda tashar Tukunus ta Nijar ta daɗe tana tacewa, zai fi yi masa rana. Barbarar zamani ba lallai sai da irin waje ba.

Akwai wata dabara da nake jin ana ba juna, wai a rage wa saniya abinci a ƙarshen ciki don kada ɗan ya yi girma. Wannan shawara ce mai cutarwa. Mafi yawan girman ɗan tayi a watanni uku na ƙarshe yake, kuma zai ja abin da yake buƙata daga jikin uwa ko ta ci ko ba ta ci ba. Abin da yunwa ke ragewa shi ne ƙarfin nishi da yawan dakashi. Ƙiba fiye da kima ma tana toshe hanya, don haka matsakaicin jiki ake so. Abin da ya fi wannan amfani shi ne a jira karsana ta kai kusan kashi biyu cikin uku na nauyin uwarta kafin a yi mata ɗuri, a kuma lissafa lokaci. Wadda aka yi wa a watan Satumba, lokacin da ciyawa ta cika mata jiki, za ta haihu wajen Yuni da sabon tsiro. Wadda aka yi wa a Yuli kuwa tsakiyar bazara za ta haihu, lokacin da ƙasusuwa suka fito.

Ranar haihuwa, idan faya ta fashe, abin da ake so a gani shi ne ƙafafun gaba biyu, kofato na kallon ƙasa, hanci a kansu. Karsanar da ta yi awa guda tana nishi ba abin da ya ƙaru, a nemi likita tun ƙarfinta bai ƙare ba. In za a ja, ƙarfin mutum biyu ne iyaka, kuma tare da nishinta. Abin da bai fito da haka ba, ba ƙarfi yake nema ba. Ɗaura igiya a babur ko tara majiya ƙarfi shida, kamar yadda ake yi a wasu wurare, kisa ne.

Ga hukumomi, ina ganin an fi son faɗin adadin shanun da aka yi wa ɗuri, domin shi ne ke da daɗin ji a wurin taro. Adadin da makiyayi ke buƙata shi ne nawa suka ɗauka, nawa suka haihu ba taimako, maruƙa nawa suka kai yaye, kuma daga wane bijimi. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta yi shekaru da dama tana haɗa Bunaji da Friesian don madara, tana da ƙwarewar tattara irin wannan bayani. Idan kowane mai ɗuri yana rubuta sunan bijimi da ranar da aka yi, ya kuma koma bayan haihuwa ya auna maraƙi, ko da da igiyar awo ce a ƙirji, cikin 'yan shekaru za mu samu namu jadawalin, wanda aka gwada a kan namu shanun.

Kafin a kai can, mai saniya yana da haƙƙin ya tsayar da mai ɗuri tun bai buɗe tukunya ba, ya tambaye shi irin bijimin da sunansa, da nauyin da 'ya'yansa ke zuwa da shi, da ko an taɓa gwada shi a kan karsana irin wannan a yankin. Sunan da lambar suna rubuce a jikin bututun, a karɓi fankon a ajiye. In amsa ba ta fito ba, a bar karsanar ta wuce wannan zagaye, bayan kwana 21 za ta sake neman barbara.