Ɗura Ruwa a Tayar Tarakta

A Nima da Maamobi, unguwannin zango na birnin Accra, ba a noma da tarakta, amma akwai masu faci da makanikai, akwai kuma 'yan kasuwar da ke da gonaki a wajen Tamale. Wanda ya sayi tsohuwar tarakta da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema yana iya tarar da ruwa a tayoyinta na baya. Da gangan ake ɗura shi.

Dalili kuwa shi ne nauyi. Tarakta marar nauyi, idan ta ja garma, tayoyinta sai su riƙa juyawa a wuri ɗaya, mai yana ƙonewa, aiki ba ya gaba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma tayar baya ta matsakaiciyar tarakta kan ci lita 250 ko fiye. Akan juya tayar har bawul ya zo sama, a ɗura ruwa ya kai bakinsa, wato kashi 75 cikin 100. Sauran gurbin na iska ne, domin ruwa ba ya matsuwa. In an cika tayar maƙil, ba za ta lotsa ba idan ta hau dutse.

To, wane ruwa ya dace? A Turai da Amurka sanyi ne matsalar, don ruwa kan daskare ya ɓata taya. Shi ya sa suke narka wani gishiri mai suna kalsiyam kulorayid a ciki. Yana hana daskarewa, yana ƙara nauyi, sai dai in ya yoyo yakan cinye ƙarfen da tayar ke kai da tsatsa, kuma inda ya zuba shuka kan ƙone. Wasu kan ɗura ruwan hana daskarewa na injin mota, wanda dafi ne, ga shi da zaƙi, dabba na iya lasa ta mutu.

A Accra da wuya zafi ya sauka ƙasa da digiri 20, saboda haka duk wannan haɗe-haɗe asarar kuɗi ce. Ruwan famfo ya isa, musamman in tayar na da robar ciki da za ta raba ruwan da ƙarfe. Ruwan da aka tarar a tsohuwar tarakta kuwa, tunda ba a san haɗinsa ba, gara mai faci ya tsiyaye shi a duro, nesa da kwata da wurin shan dabbobi.