Kafin a sayi jirgin ruwa, a fara neman turkensa

Masu iya magana kan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan karin magana shi ne ke faɗo mini a rai duk lokacin da hira ta biyo ta kan wata sabuwar sha'awa da ke kama wasu daga cikin 'yan bokonmu, musamman waɗanda aiki ya kai su Legas ko Abuja, wato sha'awar mallakar ƙaramin jirgin ruwa mai inji, ko dai don shaƙatawa da iyali a ƙarshen mako, ko don kamun kifi, ko kuma don a sa shi haya. Na lura cewa duk mai wannan buri yakan ƙarar da tunaninsa ne a kan tsawon jirgin da ƙarfin injinsa da kuɗin da zai biya, alhali tambayar da ta fi waɗannan duka nauyi ita ce: in an saya, ina za a ajiye shi? Bahaushen da ya san doki ba ya zuwa kara sai ya tanadi turke da barga da mai yankan ciyawa. To, jirgin ruwa ya fi doki wuyar riƙo, domin shi ko yana tsaye wuri ɗaya, ruwa da rana da iska ba su daina cin sa.

Hanyoyin ajiya dai uku ne. Ko dai a bar jirgin a cikin ruwa, ɗaure a gurbin da aka kama haya a wata tasha, ko a riƙa jawo shi tudu a harabar tashar bayan kowace fita, ko kuma a ɗora shi kan tirela a kai shi gida. Ta farko ta fi daɗi, domin mutum zai zo ne kawai ya tayar da inji ya kama hanya, amma ita ce ta fi tsada, ita ce kuma ta fi haɗari. Alal misali, buɗaɗɗen jirgi mai tsawon mita 6 da faɗin mita 2, idan aka yi ruwan sama na milimita 100 a dare guda, zai tara kimanin lita 1,200, wato nauyin da ya haura tan ɗaya. In famfon da ke kwashe ruwan ya ƙi aiki saboda batir ya mutu, kuma babu mai tsaro a kusa, da safe sai a tarar jirgin ya nutse alhali ko taku ɗaya bai yi daga inda aka ɗaure shi ba.

Bari mu fara da Legas, tunda a can ne harkar ta fi kafuwa. Kulob ɗin Lagos Yacht Club ya samo asali tun 1932, akwai kuma Lagos Motor Boat Club a kan titin Awolowo da ke Ikoyi, a bakin mashigin ruwan da ake kira Five Cowrie, wanda ya raba Ikoyi da tsibirin Victoria. A irin waɗannan wurare akwai gangaren saukar da jirgi, da makanikai, da masu gadi, da kuma abokan sha'awa waɗanda sabon shiga zai koyi abubuwa da dama daga gare su. Sai dai gurbi a bakin ruwan Ikoyi kamar fili ne a Ikoyin, ba ya samuwa da araha, kuma wasu wuraren sai mutum ya zama ɗan ƙungiya kafin a saurare shi. Saboda haka wanda ya sayi jirgi kafin ya sami gurbi, ya sa kansa cikin halin wanda ya ɗaura aure bai da ɗaki.

Bayan tsada, ruwan Legas yana da nasa haraji. Da rani gishirin teku kan shigo cikinsa, shi kuwa gishiri babban abokin gabar ƙarfe ne. Dole a riƙa ɗauraye cikin inji da ruwan daɗi bayan kowace fita, a riƙa canja 'yan guntayen ƙarafan da ake maƙala wa inji domin tsatsa ta ci su a maimakon injin, a kuma shafa wa gindin jirgi fenti na musamman da ke hana ƙananan halittun ruwa mannewa, waɗanda in sun taru sukan rage gudu su ƙara shan mai. Ga kuma ciyawar nan mai yawo a kan ruwa, mai kama da kainuwa, wadda ta fara bayyana ta wajen Badagry a 1984, wadda kan toshe hanyoyi a ƙarshen damina ta kuma naɗe farfela. Haka nan ruwan yakan hau ya sauka sau biyu a kowace rana bisa motsin teku, ga taguwar da jiragen fasinja ke tayarwa in sun wuce a guje, tana buga jirgin da ke ɗaure da jikin dakali daga safe har dare.

Mu dawo gida Arewa, inda Allah Ya hore mana ruwa fiye da yadda da yawa daga cikinmu suka sani. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, daga wajen Sabuwar Bussa har zuwa Yawuri. Akwai Tiga, wadda gwamnatin marigayi Audu Bako ta gina aka kammala a 1974, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Akwai Shiroro a kan kogin Kaduna, da Goronyo a kan gulbin Rima, da Challawa, sannan ga ɗan tafkin Jabi a tsakiyar Abuja. Dukkansu ruwan daɗi ne, saboda haka inji zai fi daɗewa, kuma kuɗin ajiya bai kai na Legas ba. Amma fa mai karatu ya sani cewa waɗannan madatsu an gina su ne don wutar lantarki da noman rani da ruwan sha, ba don masu yawon shaƙatawa ba, kuma mai buɗe ƙofar dam ba ya neman izinin mai jirgi.

Abin da wannan ke nufi shi ne, gaɓar da ka gani a yau ba ita za ka tarar bayan wata shida ba. A Kainji bambancin da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa yakan kai kimanin mita 10 a shekara. Wani abin mamaki kuma, tafkin ya fi yin ƙasa ne a tsakiyar damina, wajen watan Agusta, kafin ruwan da masana ke kira farin ruwa, wato na daminar ƙasarmu, ya fara cika shi, sannan baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya yi jinkiri a fadamun Mali, ya iso a cikin hunturu. Don haka wanda ya je duba wuri a watan Janairu ya ga ruwa ya kawo har gindin bishiya, yana iya dawowa a watan Yuli ya tarar da taɓo mai nisan tafiya tsakanin motarsa da bakin ruwa. Janyewar ruwan kuma ita ke kusanto da kututturan itatuwan da tafkin ya shanye, waɗanda ke fasa gindin jirgi ba tare da an gan su ba.

Sai batun iska, wanda a ganina shi ne ma'aunin farko. Kowane ɗan Arewa ya san cewa hadari daga gabas yake tasowa, shi ya sa maginan gargajiya ke ƙara wa bangon gabas kulawa. A farkon damina da ƙarshenta, guguwar da ke gaban hadari takan iso cikin 'yan mintuna, kuma gwargwadon faɗin ruwan da ta ratsa, gwargwadon girman raƙuman ruwan da za ta tayar. Ke nan jirgin da aka ɗaure a buɗaɗɗiyar gaɓar yamma shi zai sha dukan duk abin da iskar ta tattaro, wanda kuwa ke cikin lungu a gaɓar gabas, tudu ya kare shi. Iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa, tare da hazon da kan ɓoye gaɓa har matuƙi ya rasa inda ya dosa. Hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara yana da amfani, amma bai kai zama da Sarkin Ruwa da masuntan wurin ba, domin su ne suka san inda suke ɓoye kwale-kwalensu in gari ya ɓaci.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ce ta dukiya kawai. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi Wara ta Jihar Kebbi ya tarwatse a tsakiyar ruwa, mutum fiye da 100 suka mutu ko suka ɓace. A watan Nuwamban wannan shekarar kuma aka rasa aƙalla rai 29 a Bagwai ta Jihar Kano, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. Gaskiya ne cewa waɗannan jiragen fito ne da aka yi wa lodi fiye da kima, amma darasin da suka bari ya shafi kowa: a yawancin ruwayenmu, in abu ya faru, masu kawo ɗauki su ne masunta da masu iyo na ƙauyen da ke kusa. Saboda haka mai zaɓen wurin ajiya ya tambayi kansa, in injina ya mutu da la'asar, wa zai fito nemana, kuma da wane jirgi? Ya kuma yi la'akari da tsaro, domin yankin Shiroro da dazukan da ke kewaye da Kainji sun sha fama da 'yan bindiga, sannan injin da ake ratayawa a bayan jirgi kaya ne mai saurin shiga kasuwa a hannun ɓarawo.

Akwai kuma doka. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, ita ke da alhakin rajistar jiragen da ke zirga-zirga a ruwayen cikin ƙasa, kuma a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon Gwamnatin Tarayya a kan waɗannan ruwaye a shari'ar da aka daɗe ana yi da Jihar Legas. Hukumar ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar ceto. Wajibi ne mutum ya tabbatar cewa tashar da zai ba amanar jirginsa tana da izini, ya kuma nemi yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace wanda zai biya in an yi sata ko gobara ko iska ta yi ɓarna, ya sanar da kamfanin inshora ainihin inda jirgin ke kwana.

Shawarata ga mai sayen jirginsa na farko ita ce, ya sayi ƙarami wanda mota za ta iya ja, ya ajiye shi a tudu ƙarƙashin rumfa, a wurin da bai wuce tafiyar sa'a ɗaya ko biyu daga gidansa ba. Mazaunin Kano da ya ajiye jirgi a Legas, kusan kilomita 1,000 daga ƙofar gidansa, ya saya wa mai gadi abin hawa ne kawai, kuma jirgin da ba a tayarwa, mai kan lalace a cikinsa, batir ya mutu, robobi su bushe. Ya ziyarci wurin sau biyu kafin ya biya ko sisin kwabo, sau ɗaya da cikar ruwa, sau ɗaya da janyewarsa. In ya shekara guda ya ga rani ya ga damina, ya kuma ƙidaya sau nawa ya fita, a lokacin ne zai san ko gurbin cikin ruwa ya cancanci kuɗinsa.

Daga ƙarshe, ina kira ga gwamnatocin jihohinmu da hukumomin raya kogunan da ke kula da waɗannan madatsu da su gina gangaren kankare masu kaiwa har inda ruwa ke tsayawa in ya janye, da dakalai masu hawa da sauka tare da ruwa, su kuma sa alama a inda kututture yake. Mai jirgin shaƙatawa zai amfana, amma wanda zai fi shi amfana shi ne ɗan fito da matar da ke tsallaka ruwa da goyo a ranar kasuwa. Iya ruwa dai, in ji Hausawa, fidda kai. Allah Ya kiyaye mu da sharrin ruwa da iska, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.