Katafila Ba Direba: Mutum-mutumi da Sadarwa Marar Waya a Aikin Gini a Japan

1.0 Gabatarwa

Idan aka ce mutum-mutumi, abin da yakan faɗo wa mai sauraro a rai shi ne wani ƙarfe mai kai da hannu da ƙafa. A wurin gini ba haka abin yake ba. Galibi katafila ce, ko tifa, ko injin haƙa ƙasa irin wanda muka saba gani, sai dai babu kowa a kujerar direba. Wannan takarda za ta duba yadda aka fara irin wannan aiki a ƙasar Japan, ta kuma nuna cewa babbar matsalar da masu bincike suka yi ta fama da ita ita ce hanyar isar da saƙo tsakanin mutum da inji ba tare da waya ba.

2.0 Mafarin al'amarin

Tun farkon shekarun 1980 manyan kamfanonin gini na Japan suka fara ƙera na'urori masu yin aiki guda ɗaya. Kamfanin Shimizu, alal misali, ya ƙera wadda ke fesa maganin gobara a jikin ƙarafan bene. A 1984 aka yi taron farko na duniya kan wannan fanni a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka. Amma abin da ya fitar da binciken daga ɗakin gwaji zuwa fili shi ne wata masifa.

A 1990 dutsen Unzen da ke lardin Nagasaki ya fara aman wuta bayan ya yi kusan shekara 200 shiru. Ranar 3 ga Yuni 1991 guguwar toka mai tsananin zafi ta gangaro daga dutsen, ta hallaka mutum 43. A cikinsu akwai ƴan jarida, da ƴan kwana-kwana, da masana duwatsu uku, wato Maurice Krafft da matarsa Katia daga Faransa, da Harry Glicken daga Amurka. Bayan haka, duk sanda aka yi ruwan sama sai laka da duwatsu su biyo kogin Mizunashi su binne gidaje da gonaki. Dole ne a kwashe su, a kuma gina shingaye, amma tura direba wurin daidai yake da tura shi kabari.

Saboda haka a 1993 Ma'aikatar Gine-gine ta nemi kamfanoni su kawo dabarar aiki ba da mutum a wurin ba. Sharuɗɗan sun haɗa da fasa dutse mai kaurin mita 2 zuwa 3, da jure zafin da ya kai digiri 100, da sarrafa injin daga nisan mita 100 ko fiye. A 1994 aka yi gwajin a bakin kogin.

3.0 Yadda tsarin yake aiki

Direba yana zaune a ɗaki nesa da haɗari, da sandunan tuƙi a hannunsa da allunan talabijin a gabansa. Saƙo iri biyu ne ke kai da komowa. Na farko shi ne umurni, daga direba zuwa inji: ɗaga, sauke, juya, tsaya. Wannan saƙo ƙarami ne, amma bai kamata ya yanke ko na ƙiftawar ido ba, shi ya sa ake tsara injin ya tsaya cak da zarar saƙon ya katse. Na biyu shi ne hoto, daga kyamarori zuwa direba. Wannan saƙo ne mai nauyi, kuma kyamara ɗaya ba ta isa. Ana buƙatar ta cikin injin, da wata daga gefe, domin a allo da wuya mutum ya gane zurfin rami ko nisan dutse.

4.0 Matsaloli uku na sadarwa

Ta farko ita ce cunkoso. A Unzen kowane inji da kowace kyamara suna da nasu zangon rediyo, zangunan da doka ta yarda a yi amfani da su kuwa kaɗan ne. Da injuna suka yi yawa sai saƙonni suka riƙa shiga juna.

Ta biyu ita ce shamaki. Tudu da kankare da ƙarfe suna tare saƙon rediyo. Wurin gini kuma kullum cikin sauyawa yake: inda saƙo ya wuce jiya, yau an tara ƙasa ko an ta da bango. Maganin da aka samo shi ne ajiye wata mota mai eriya a tsakani, ta karɓi saƙo ta miƙa gaba. Daga baya aka koma amfani da Wi-Fi, inda umurni da hoto ke bin hanya ɗaya irin ta intanet, aka kuma haɗa da wayar gilashi mai ɗaukar saƙo da haske don cin dogon zango.

Ta uku ita ce jinkiri. Saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka ba tafiyar ce ke cin lokaci ba. Matse hoton kafin a aika shi, da warware shi bayan ya isa, su ne ke jawo jinkirin. Direba yakan ga abin da ya riga ya faru, sai ya koma yin aiki a hankali, yana motsawa yana jira. Wannan na cikin dalilan da suka sa aikin nesa bai kai saurin na direban da ke zaune cikin inji ba.

5.0 Ci gaban da aka samu

A 2011 an yi amfani da irin waɗannan injuna wajen kwashe ɓaraguzai a tashar nukiliya ta Fukushima. Bayan girgizar ƙasar Kumamoto ta 2016, wadda zaftarewar ƙasa a cikinta ta rusa babbar gadar Aso, direbobi sun gyara gangaren daga nisan kimanin kilomita ɗaya. A 2018 kamfanonin KDDI da Obayashi da NEC suka gwada sarrafa injuna da fasahar 5G, wadda ke ɗaukar hoto mai kyau da ƙarancin jinkiri. Sai dai akwai ƙa'idar da ba ta sauyawa: zangon da ya fi ɗaukar saƙo mai yawa shi ya fi gajeren tafiya, shi kuma shamaki ya fi saurin tarewa.

Wata hanyar ita ce rage dogaro da direba. A madatsar ruwa ta Naruse da ke lardin Akita, kamfanin Kajima ya yi amfani da tifofi da katafiloli masu tuƙa kansu bisa tsarin da kwamfuta ta shirya, mutane kaɗan suna sa ido daga nesa. Ko a nan ba a rabu da sadarwa ba, domin kowane inji sai ya san inda yake da inda sauran suke.

6.0 Kammalawa

Abin da ya fara don tsoron dutse, yanzu ƙarancin ma'aikata ne ke ingiza shi. A 1997 masu aikin gini a Japan sun kai miliyan 6.85. Zuwa 2023 sun ragu zuwa kimanin miliyan 4.8, kuma fiye da kashi ɗaya cikin uku sun kai shekara 55 ko sun haura. A 2024 gwamnati ta sa burin rage yawan mutanen da ake buƙata a wurin gini da aƙalla kashi 30 cikin ɗari nan da 2040. Cimma wannan buri ya rataya ne a kan ingancin sadarwar da ke tsakanin inji da mai kula da shi, domin katafila mafi tsada, idan saƙo ya yanke mata a gindin dutse, tsayawa za ta yi, sai an aika wani ya je ya duba ta.