Gasar tseren manya a Birtaniya: yadda kulob ke haɗa tawaga, da abin da ke hana shi lambar yabo

A wasannin guje-guje, ɗan tsere yana shiga rukunin manya ne daga ranar da ya cika shekara 35. Hukumar World Masters Athletics, wadda aka kafa a 1977 a birnin Gothenburg na Sweden, ta kasa waɗannan 'yan tsere rukuni-rukuni bisa tazarar shekara biyar: 35 zuwa 39, 40 zuwa 44, haka har sama da 90. A Birtaniya, ƙungiyar British Masters Athletic Federation ce ke shirya gasannin ƙasa na tseren kan titi, ciki har da tseren karɓa-karɓa na kulob-kulob da a baya aka daɗe ana yi a filin Sutton Park na Birmingham.

Shiga a matsayin mutum ɗaya ba shi da wahala. Shiga a matsayin tawaga kuwa, nan aikin yake.

Galibi ana haɗa tawagogi ne bisa tazarar shekara goma, domin da wuya ƙaramin kulob ya tara mutum uku masu shekara 60 zuwa 64 da ke da lafiyar tsere a rana guda. Ƙa'idar da ta fi ɗaure wa sababbin shiga kai ita ce ta saukowa: mai shekara 57 yana iya yi wa tawagar 'yan 45 zuwa 54 gudu, amma mai shekara 47 ba shi da damar haurawa zuwa tawagar da ta girme shi. Dalilin a fili yake, tunda wanda ya sauko ya ƙara wa kansa wahala ne, wanda ya haura kuwa ya ci da gumin dattawa.

Sai batun lissafi. A yawancin gasanni ana haɗa lokutan mutum uku na farko daga kowane kulob, mafi ƙarancin jimla ya yi nasara. A tseren kilomita 10, kulob ɗin da 'yan tserensa suka gama cikin minti 33 da 34 da 41 ya tara 108. Wanda nasa suka yi 35 da 36 da 36 ya tara 107, kuma shi ne a gaba, duk da cewa ba shi da gwarzo ko ɗaya. Saboda haka kyaftin mai hangen nesa ya fi damuwa da mutum na uku, har ma da na huɗu, wanda zai cike gurbi idan gwiwar wani ta ƙi.

Akwai kuma takardu. Dole ɗan tsere ya kasance da rajista, ya yi gudu da rigar kulob, kuma kulob ɗin ya zama shi ne na farko a rajistarsa. Wannan sharaɗi ne ke hana kulob mai kuɗi ya ari gwanaye ana jajiberin gasa.

Dukkan tsarin ya dogara ne ga abu ɗaya, wato a san ainihin shekarun mutum. Ed Whitlock na Kanada ya gama gudun fanfalaki cikin ƙasa da awa uku a 2003 yana da shekara 72, kuma an amince da bajintarsa. Fauja Singh, haifaffen Punjab, ya gama irin wannan gudu a Toronto a 2011 yana da shekara 100 bisa fasfonsa, amma Guinness ta ƙi shigar da shi kundinta saboda ba shi da takardar haihuwa. Rashin rajistar haihuwa a ƙauyensu ƙarni guda baya shi ya hana shi. Matsala ce da Najeriya ta sani sarai, inda har yau ake haifar yara da yawa ba tare da an yi musu rajista ba, kuma rigimar shekaru ta sha dabaibaye ƙwallon ƙafar matasa.